Gwadon Da Ya Ƙi Rini

Ranar da ƙudan zuma suka sauka a bakin Uwar Karofi, Cindo ya tsaya cak, ya kasa kau da ido daga kansu.

Uwar Karofi rijiyar rini ce a tsakiyar Birnin Dagwaro. Ba wanda ya haƙa ta, ba wanda ya taɓa ganin ƙarshenta, ba a zuba mata ganyen baba, ba a zuba mata toka, amma shuninta bai taɓa yin sanyi ba. Ita mutanen ƙasar ke bauta wa. A cikinta ake tsoma zanen goyon jariri, a cikinta ake tsoma likkafani, kuma ita ke naɗa sarki. In sarki ya mutu, sai a saƙa farin gwado, a kira sunan babban ɗansa a kai, a tsoma a gaban jama'a. In ya fito shuɗi, Uwa ta karɓe shi. Tun kafuwar birnin gwado ɗaya tak ya taɓa fitowa fari fat kamar yadda ya shiga, shi ne na Yarima Anaruwa, shekara tara da suka wuce. A ranar aka kore shi daga birni da gwadonsa a kafaɗa, aka naɗa ƙanensa Ranau.

Cindo ya san dalili. Shi ya narka kakin zuma ya jiƙa gwadon, ya kai shi gidan bugu ya yi ta dukansa har ya yi laushi, yadda ba mai ganewa. Galadima Barmo ne ya sa shi, don yana son sarkin da zai iya juyawa. Ba wanda ya ɗora wa Cindo wuƙa a wuya. Rawani aka yi masa alkawari, rawanin Sarkin Karofi, kuma shi ne yau a kansa.

Yana tsaye yana kallon ƙudan suna zagaya bakin rijiyar, sai ga dogari da gudu.

"Ranka ya daɗe, ana nemanka a fada. Manzo ya iso daga Gauraka."

Ya tarar majalisa ta cika. Manzon na durƙushe gaban Sarki Ranau, taɓo har cinya.

"Zaki! Uwa ta ja zamaninka. 'Yan Fari sun shiga Gauraka. Sun cike karofi goma sha biyu da yashi, sun tara shuɗɗan riguna a kasuwa sun cinna musu wuta. Dagacin garin da kansa ya tuɓe tasa ya jefa."

Fada ta ɗauki hayaniya. Kowa ya san 'Yan Fari. Su ne mutanen da suka bi Anaruwa daji, suka mai da korarsa addini. Cewa suke shuni don rufe datti ake yin sa, Uwa kuwa ta bar Anaruwa fari ne don ba ta sami dattin rufewa a jikinsa ba. Wankakke suke kiransa. Da farko su goma ne, ana yi musu dariya a kasuwa. Yanzu sun fi dubu shida.

Galadima Barmo ya gyara zama. "Zaki, mai Dagwaro, ɗan da Uwa ta zaɓa da hannunta. Yau Gauraka, gobe su zo su zuba yashi a bakin Uwa kanta. A buga tambari. A fitar da mahaya ɓauna da 'yan baka, kada a bar farin ƙyalle ko na ɗaurin rauni a ƙasar nan."

Kaura Jatau, shugaban mayaƙa, tsoho mai ido ɗaya, ya yi gyaran murya. "Zaki, a ba ni izini. Rabin 'yan bakana suna da uwa ko ƙanwa a cikin mutanen nan. In na ce su harba, sai na fara duba bayana."

"Kaura ya tsufa," in ji Galadima. "Ɓaunarsa ma ta fi shi son fita."

"Galadima, kai da ko rago ake yankawa sai ka juya baya? Ranar da kibiya ta wuce ta gefen kunnenka, ka zo mu yi zancen yaƙi."

Wasu suka ƙunshe dariya. Sarki ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Saurayi ne har yanzu, kuma da zuciya ɗaya ya yarda Uwa ce ta zaɓe shi. Wannan ne ya sa Cindo ba ya iya haɗa ido da shi.

"Sarkin Karofi, an ce zuma ta sauka a bakin Uwa. Me take faɗa mana?"

Cindo ya sunkuyar da kai. Ya ji idon Galadima a ƙeyarsa kamar garwashi.

"Zaki, zuma alheri ce. Nasara take nunawa."

Ƙaryar ta fito sumul, don bakinsa ya saba.

Sarki ya girgiza kai. "Anaruwa yayana ne. Shi ya koya mini riƙe baka. Ba zan zubar da jininsa ban aika masa ba. Sarkin Karofi, ka ɗebi shunin Uwa a tulu ka kai masa. In ya tsoma rigarsa ya sa shuɗi, na yafe masa da duk mutanensa. In ya ƙi, kwana uku bayan isarka runduna za ta same ku, kuma da kaina zan zo."

A soron fita Galadima ya riƙo hannun rigar Cindo, yana murmushi kamar mai yi masa addu'ar tafiya.

"An ce 'yarka Kyauta na cikin 'Yan Fari, ko? Ita ce ma mai riƙon gwadon. Ka gaishe ta. Amma ka tuna, marini, in maganar nan ta fita, hannun da ya shafa kakin shi za a fara yankewa. Ni ko muciyar rini ban taɓa riƙewa ba."

Kwana biyu Cindo ya yi a hanya, jaki na ɗauke da tulun, muciyar sarautarsa a hannu, doguwar sandar da ake motsa shunin Uwa da ita. Da ya shiga Gauraka sai ya ga gari kamar an shanya auduga. Maza da mata duk cikin fari. Suna ganin hannayensa, waɗanda shuni ya kama har gwiwar hannu, sai su matsa gefe suna tofar da yawu.

A tsakiyar kasuwa aka kafa rumfa, a ƙarƙashinta gwadon na rataye a jikin gora. Mutane na zuwa da rarrafe. Wata tsohuwa ta yayyafa masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangaro bai jiƙa shi ba, jama'a suka saki guɗa. Cindo ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Aikinsa ne na wuni guda suke yi wa sujada.

"Sarkin Karofi, an ce kana da saƙo."

Ya juya. Kyauta ce. Shekara biyar rabonsa da ita, tun ranar da ta ajiye shuɗin zanenta a ƙofar gida ta fice. Ta girma tana taya shi matse zane, amma yanzu ta goge hannayenta da yashi da lemon tsami har fatar ta yi ɗau.

"Kyauta, ko gaisuwa babu? Ni ne fa babanki."

"Wanda ya haife ni na nan, ina girmama shi. Amma da Sarkin Karofi nake magana. Ka tsaya nesa da rumfar, hannunka ba shi da tsarki."

"Haka ne," in ji shi a hankali. "Ba shi da shi."

Ta dube shi da mamaki, don gardama ta zata. Ta wuce gaba, ya bi ta har zauren dagaci, ta bar shi.

Anaruwa na zaune a kan tabarma shi kaɗai. Ya rame, furfura ta fito masa tun lokacinta bai yi ba. Cindo ya isar da saƙon Sarki kalma bayan kalma. Da ya gama sai ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙasa, ya kifa goshi.

"Yarima, akwai saƙo na biyu, nawa ne. Uwa ba ta ƙi ka ba. Ni na jiƙa gwadonka da kakin zuma. Galadima ya sa ni, na yi don rawanin nan. Ga wuyana."

Ya jira ihu, ko takobi. Abin da ya ji wata gajeriyar dariya ce mara daɗi.

"Ɗago kanka, Cindo. Na sani."

"Ka sani?"

"Tun kwana na uku da korata. Rana ta bugi gwadon, ƙudan zuma suka yi ta bi na a daji. Na kankare shi da farce, na ɗanɗana."

"To me ya hana ka dawowa ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Galadima?" Anaruwa ya kau da kai. "Wannan dalilin da nake ba kaina ke nan. Ga na gaskiyar. Ina kwance a gindin wata rijiya ƙishirwa na neman kashe ni, wata tsohuwa ta gane gwadon. Maimakon ta jefe ni, sai ta durƙusa. Ta ba ni ruwa, ta kira ni Wankakke. Kwana uku duniya na tofa mini yawu, sai ga mutum ɗaya na durƙusa mini. Na buɗe baki in faɗa mata, na kasa. Washegari ta zo da mutum goma. Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

"Yarima, na ji ana wata magana a kasuwa. Wai ba za su ɗauki garkuwa ba."

"Cewa suke abin da shuni bai kama ba, ruwa bai kama ba, ƙarfe ma ba zai kama shi ba, haka duk wanda ya sa fari."

"Kai ka faɗa musu haka?"

"Ban faɗa ba. Ban kuma ƙaryata ba."

"'Yata ce za ta riƙe gwadon a sahun gaba!"

"Na sani, Cindo." Ya dafe kai. "In na fita yanzu na ce kaki ne, mutum dubu shida da suka bar gonakinsu da iyayensu, me zan ba su a madadinsa? Kai ka ƙulla, ni na ci moriya. In kana da ƙarfin kwancewa, ga kasuwa can. Ni ba ni da shi."

Cindo ya fita. Ya tsaya a bakin kasuwa, ya dubi taron, ya dubi Kyauta tana gyara gwadon da yatsa biyu kamar mai taɓa jariri. Ya tuna yadda ta kira shi Sarkin Karofi, ya auna abin da za ta kira shi in ta ji. Ya juya ya koma masauki. Washegari ma ya je, ya sake dawowa bai ce komai ba.

A rana ta uku da hantsi tambari ya amsa daga gabas.

Rundunar Dagwaro ta cika fadamar da ke gaban Gauraka kamar hadari ya sauko ƙasa. Mahaya ɓauna ɗari biyar a dama da hagu, 'yan baka sahu uku a tsakiya, Kaura Jatau a gabansu, Sarki da Galadima a kan tudu a baya. Ƙofar gari ta buɗe. 'Yan Fari suka fito suna waƙa, da sanduna da lauje da 'yan masu, babu garkuwa ko ɗaya. A gabansu Kyauta ce, gwadon na kaɗawa a kan gora.

Kaura ya yi ta jinkiri har Galadima ya aiko masa manzo sau biyu. A na uku ya rufe idonsa ɗayan, ya sauke hannu.

Kibau suka tashi suka rufe rana. Cindo na kan ganuwa ya ga sahun gaba ya zube kamar an sa lauje a ciyawa. Waƙar ta yanke, sai kuma wani ya ɗaga murya, "Waɗanda suka faɗi masu shakka ne! Ku ci gaba!" Suka tsallake 'yan'uwansu suka ci gaba. Kibau suka sake tashi. Fararen riguna suka rine ja. Gorar ta karkata, ta miƙe, ta sake karkata.

Cindo bai san lokacin da ya sauko ba. Ya ja jakin da tulun, ya ɗaga muciya sama, ya kutsa fili tsakanin rundunonin biyu yana ihu.

"Shunin Uwa ne! Wa zai harbi shunin Uwa?"

'Yan baka suka ga Sarkin Karofinsu ba rawani, suka sassauta tsarkiya. Kaura, wanda dama dalili yake nema, ya sa aka busa ƙahon tsayawa.

Kyauta na durƙushe, kibiya ta huda mata damtse, amma ba ta saki gorar ba. Jinin da ke bin hannun rigarta take kallo, kamar na wani ne.

"Ba ni gwadon, 'yata."

"Kada ka taɓa shi da hannun nan!"

"Hannun nan ya riga na kowa taɓa shi."

"Kyauta." Anaruwa ne ya ratso cikin gawawwaki, ƙafafunsa duk jini. Bai iya duban fuskarta ba. "Ba shi."

Daga kan tudu Galadima ya kwarara ihu. "Kaura! Marinin nan ya ci amanar Sarki! A harbe shi!"

"In kana sauri, Galadima, ga baka, sauko ka harba," in ji Kaura. Ya dubi Cindo. "Me kake bukata?"

"Wuta, da babbar tukunya, da ruwa."

Aka kawo tukunyar da ake dafa wa mayaƙa abinci, aka hura wuta a tsakiyar fili. Rundunoni biyu suka matso, har Sarki ya sauko daga tudu. Kafin ruwan ya tafasa Cindo ya faɗi komai da ƙarfi: kakin, gidan bugu, Galadima, rawani. Bai rage wa kansa komai ba. Da ya zo kan cewa kwana uku yana Gauraka da maganar a baki ya kasa furtawa, bai tsallake ba, ya ƙarasa.

"Ƙarya ne!" wani ya yi ihu daga cikin 'Yan Fari. "Wankakke, gaya musu ƙarya ne!"

Anaruwa ya tsaya kamar itace. "Gaskiya ne," in ji shi. "Kuma na sani tun shekara tara."

Cindo ya jefa gwadon cikin ruwan zafi, ya danna da muciya. Ba a jima ba maiƙo ya taso ya rufe saman tukunyar, ƙamshin zuma ya bi iska har sahun baya. Kaura ya sa bakin mashi ya ɗebo, kakin ya daskare a jikin ƙarfen, ya ɗaga kowa ya gani. Cindo ya tsamo gwadon ya matse, ya kira sunan Anaruwa ɗan Sarki Nomau a kansa kamar yadda al'ada ta ce, ya tura shi cikin tulun.

Ya fito kore-kore, kamar kowane zane in ya fito daga rini. Iska ta buge shi. A gaban ido dubu goma ya fara juyewa, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi mai duhu.

Sarki Ranau ya juya a hankali. "Galadima, gaskiya ne?"

Babu Galadima. Ƙurar ɓaunarsa kawai ake hangowa ta nufi gabas. Ranau ya kai hannu ya warware rawaninsa, ya zauna a ƙasa cikin taɓo, ya rufe fuska da shi.

Kaura Jatau ya sauko daga kan ɓaunarsa, ya taka har gaban Anaruwa, ya kafa gwiwa ɗaya.

"Zaki! Uwa ta karɓe ka. Uwa ta ja zamaninka, mai Dagwaro!"

Sahu bayan sahu, rundunar shuɗi ta zube ƙasa. A ɗaya ɓangaren kuwa babu wanda ya durƙusa. Suna tsaye cikin fararen kayansu, ga matattunsu a ƙafafunsu. Tsohuwar nan da ta fara ba Anaruwa ruwa a gindin rijiya ta fito daga cikinsu, jinin jikanta a zanenta. Ta sunkuya ta ɗauki dutse, ta jefa. Ya same shi a goshi. Bai kare ba. Na biyu ya biyo, sai suka fara zubowa kamar ƙanƙara.

"Garkuwa!" Kaura ya daka tsawa. "Ku kare Sarki!"

Mayaƙan da suka fito da safe don su kashe Anaruwa suka kewaye shi da garkuwoyi, suka ja da baya da shi, mutanensa na bin su da jifa da tsinuwa.

Ba wanda ya tuna da Cindo. Yana nan durƙushe kusa da tukunyar, kansa a ƙasa, sai ya ga ƙafafun Kyauta a gabansa. Ta karya kibiyar ta ɗaure damtsen da gefen zanenta. Ta ɗauki jiƙaƙƙen gwadon daga ƙasa, shunin ya bi yatsun da ta yi shekara biyar tana gogewa.

"Baba," in ji ta.

Shekara biyar yana jiran ya ji wannan kalma, yau da ta zo ya kasa ɗaga ido.

"Tashi. Gawa ta fi ɗari huɗu a filin nan, kuma kowacce sai an rufe ta. Ka kama ƙafa, in kama kai."

Ta shimfiɗa gwadon a kan wani saurayi da ke kwance kusa da su, ta koma wajen kansa ta tsaya tana jira. Cindo ya miƙe, ya kama ƙafafun.